Ɗakin da na yi wa fenti sau biyu

Saura sati uku bikin ƙanwata na dage sai an yi wa gidanmu fenti ciki da waje, har da sabon ɗakin baya wanda filastarsa ba ta fi kwana goma ba. Mai fentin, wani dattijo da ya daɗe yana aiki a unguwarmu, ya dafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, bangon nan bai sha iska ba. Siminti yana son wata guda." Na ce, "Baba, ai baƙi ba za su jira siminti ba."

Sai da na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sayayya na gane ni kala kawai na sani. Mai shago ya ce na ruwa ko na mai? Na ruwa shi ne na bokiti mai lita 20, da ruwa ake sirka shi, warinsa kaɗan ne, cikin awa biyu ya bushe. Na mai kuwa a galan mai lita 4 yake, sai da tina ko kananzir, yana ƙyalli, kuma yakan kwana bai gama bushewa ba. Ya nuna min satin, shi ma na ruwa ne amma da ɗan sheƙi, sannan tekskot mai yashi-yashi na bangon waje.

Ƙyallin nan ne ya ruɗe ni. Na ce a zuba wa sabon ɗakin na mai tun daga ƙasa har sama, saboda hannun yara. Ranar biki kowa ya leƙa sai ya yaba. Damina na kankama, bango ya fara yin bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Na sa farce na ɓare guda, sai ga wani farin gari kamar kanwa a ƙarƙashi. Ashe fentin mai rufe bango yake kamar leda, danshin da ke cikin filasta ya rasa mafita, ga shi kuma ɗanyen siminti yana cin man fentin. Na ruwa da na raina, shi ne ke barin bango ya yi numfashi.

A falo kuma rowa ce ta ci ni. Na sayi mai araha, na sa aka ƙara masa ruwa don bokiti biyu su isa. Surukina ya jingina da bango, ya tashi da farin baya a babbar rigarsa ta shadda. Har yau ina jin kunyar abin.

Satin ɗin da aka shafa a hanyar shiga ɗakuna bai ba ni matsala ba, tsumma mai laima ke goge zanen yara. Tekskot ya ɓoye ƙananan tsagar katanga, ya jure ruwan Agusta, sai dai ƙurar hunturu ta samu wurin zama a jikinsa. Ƙofar ƙarfe ce kaɗai na bi maganar Baba, aka fara da jan fentin hana tsatsa kafin na mai, kuma tana nan lafiya.

Bayan damina Baba ya dawo da samfefa da abin kankara. Kwana uku yana fama da ɗakin, muka bar shi a buɗe har cikin Disamba kafin ya shafa na ruwa. Bai tuna min da maganarsa ba. Kuɗin kankarewar dai ya fi na aikin farko.