Kafin ka sayi kulocin tsere, lissafa abin da zai karye a bayansa

Ƙanina, idan ka ƙara wa injin motarka ƙarfi, wata rana za ka taka totur a giya ta huɗu ka ga allurar juyin inji ta haura amma motar ba ta ƙara gudu ba, ga ƙauri kamar na birkin da ya ƙone. Kuloci ne ya fara sulɓi. Kuskuren da na yi a wannan gaɓar, wanda nake ganin samari suna maimaitawa, shi ne sayen kuloci mafi ƙarfi da ke kasuwa.

Ba da ƙarfin doki ake zaɓen kuloci ba, da ƙarfin murɗawa na inji ake zaɓensa, wanda ake aunawa da Nm, wato Newton-mita. Ɗauki Nissan 350Z ta 2003 mai injin VQ35DE: daga kamfani tana ba da kusan Nm 370. Idan an sa mata turbo ta kai 550, ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ka nemi kulocin da zai riƙe wajen 680. Wanda aka yi domin 1,000 ba alheri zai yi maka ba. Kuma kada ka dogara da "Stage 2" ko "Stage 3" da ke jikin kwali, domin kowane kamfani da nasa ma'aunin. Lambar Nm ita ce abin dubawa.

Sai fuskar faifan kuloci, wato ɓangaren da ke goga yana kama fulaiwil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Faifai mai cikakken zagaye, irin na asali amma mai jure zafi, yana kamawa a hankali, shi ya dace da motar da ke shiga cunkoson gari kullum. Mai kunnuwa huɗu ko shida na seramik ba ya son a riƙe shi rabi da rabi: ko ya kama ko ya saki. A filin tsere abin so ne, amma a cikin gari motar za ta riƙa karkarwa duk tashi, kuma yana cin fuskar fulaiwil da sauri. Ka tabbata akwai sifirin a cibiyar faifan. Su ne ke shanye bugun farko. Idan babu su, bugun zai wuce kai tsaye zuwa haƙoran giya.

A nan ne asarar da ta fi ciwo take. Kulocin asali yakan sulɓe kafin wani abu ya karye, wato shi ne mai rauni da aka bari da gangan, kuma ya fi giyabos araha nesa ba kusa ba. Ranar da ka sa wanda ba ya sulɓi, nauyin ya koma kan giyabos, furofela, aksul da bushin. Masu Subaru WRX mai giya biyar sun san wannan: kuloci mai cizo da tashin ƙarfi sau kaɗan sun isa su zubar da haƙoran giya. Haka filet ɗin da ke danne faifan, idan matsinsa ya wuce kima, yakan tura karanshaf gaba duk sanda ka taka feda, ya cinye boris ɗin da ke tsare shi. Idan ƙarfin da kake nema ya yi yawa, kuloci mai faifai biyu ya fi, domin yana riƙo ba tare da feda ta zama dutse ba.

Fulaiwil mara nauyi yana sa juyin inji ya hau da sauri, amma a 350Z za ka ji giyabos yana ƙaraurawa idan motar tana tsaye, saboda na asalin mai ɓari biyu ne da ke shanye girgiza. Ba lalacewa ba ce, sai dai ka san da ita kafin ka biya.

Tunda an sauke giyabos, kada ka yi rowar ƙananan kaya. Canza boris ɗin sakin kuloci, da ɗan boris na cibiyar karanshaf, da oyilsil na bayan inji, domin ɗigon baƙin mai kaɗan ya isa ya lalata sabon faifai. A 350Z ta 2007 da 2008 silindar kuloci tana cikin kwanon giyabos ne, idan ta fashe sai an sake sauke komai, don haka a canza ta yanzu. Sabon faifai ba ya hawa tsohuwar fuskar fulaiwil mai tabon ƙuna. A goge fuskokin da abin wanke birki, a daidaita faifan da sandar saiti, a ɗaure notuna a gicciye da sifanar awo, ba da ƙarfin hannu ba. A 350Z man giyabos GL-4 ne, GL-5 na aksul ɗin baya ne, yana iya cutar da zobban tagulla na cikin giya.

Bayan an haɗa, yi wajen kilomita 800 na tuƙin cikin gari mai yawan canza giya, ba tashin ƙarfi, ba taka totur har ƙasa. Tafiyar Kano zuwa Kaduna a giya ta shida ba ta shiga lissafi, domin faifan bai goga ba balle ya zauna. Idan ka gaggauta, fuskarsa za ta yi ƙyalli kamar gilashi, ya fara sulɓi tun yana sabo.