Abin da kotu ke nema idan ana muzguna wa ma'aikaci

Darasin da ya fi ɗaci a wannan harka shi ne, a ƙasashe da yawa wulaƙanta ma'aikaci ba laifi ba ne a karan kansa. A Amurka, dokar 1964 ta haramta tsangwama ne idan dalilinta launin fata ne, ko addini, ko jinsi, ko asalin mutum. Shugaban da ke zazzaga wa kowa masifa ba ya ware kowa, sau da yawa yakan sha. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ma kusan haka take. Faransa ce ba ta wasa: tun 2002 muzgunawa laifi ce, yanzu hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 30,000. Yarjejeniya ta 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 2019 ta ce ko sau ɗaya aka yi, cin zarafi ne, sai dai tana hawa kan ƙasar da ta amince da ita kaɗai.

Yawancin ƙorafi a wajen hujja yake faɗuwa. "Kullum yana ci mini mutunci" ba ya gamsar da alƙali. Abin da ke tsayawa shi ne rubutun da aka yi a ranar da abin ya faru: kwanan wata, lokaci, ainihin kalmomin da aka faɗa, da wanda ke wurin. Haka ake nuna cewa abu ne mai maimaituwa, kamar hana mutum shiga taro, ɓoye masa bayanai, ko ɗora masa aikin da ba zai kammalu ba a wa'adin da aka ba shi. A kai ƙorafi a rubuce, domin na baki ana iya musunsa. Naɗar murya a ɓoye kuwa, a wasu wuraren ita kanta laifi ce.

Ba kowane gyara ne muzgunawa ba. Dokar Ostireliya ta fito fili ta cire ladabtarwar da aka yi bisa ƙa'ida, ko da ta yi zafi.

Sai batun ajiye aiki cikin fushi. A Ostireliya, umarnin dakatar da muzgunawa na wanda ke bakin aiki ne, wanda ya fita ya rasa wannan damar. Lokaci ma yana ƙurewa: a Amurka wa'adin shigar da ƙorafi gaban hukuma kwana 180 ne, wasu jihohin 300, kuma jiran sakamakon binciken cikin gida ba ya tsayar da ƙirgen.