Amacha: kalmar da na zaci na gama sani

Shekara uku na yi a shagon naɗin koyil kafin in shiga kwalejin fasaha, kuma ba na jin akwai ranar da ban ambaci amacha ba. Mai janareto zai zo ya ce, "Oga, injin yana tashi amma babu wuta." Maigidana ya kwance shi, ya zaro abin da ke juyawa a tsakiya, ya kai hanci ya sunsuna, ya ce amacha ta ƙone. A wurinmu ma'anar ke nan: duk abin da ke juyawa cikin inji, an naɗe shi da jar waya, amacha ce.

Aikin da aka fara ba ni shi ne ƙirga. Kafin a yanke ƙonanniyar waya sai an ƙirga zagaye nawa ke cikin kowane rami, a auna kaurinta, a zana a takarda inda kowane bakin waya ya shiga. Wata rana na yi gaggawa da amachar injin huda ƙarfe, na fizge wayar ban zana komai ba. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗora mini ita a kan benci ya ce, "To, naɗa mu gani." Kwana biyu ina fama. Da aka jona, sai tartsatsi ta wajen buroshi, wato ɗan gawayin da ke gogar amacha yana kai mata wuta, kafin ka ce kwabo ƙaurin waya ya cika shagon. Daga aljihunsa aka sayi sabuwa, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Da wannan sanin na shiga aji. Malaminmu ya zana altanetar mota, wato injin da ke cajin batir, a allo ya ce a nuna masa amacha. Na miƙe na nuna mai juyawa. Ya ce a'a. Na ce, "Malam, da hannuna nake kwance ta fa." Ya ce in zauna in saurara.

Ashe a altaneta, abin da ke juyawa mayen ƙarfe ne kawai, ana ba shi 'yar wuta kaɗan ta zobba biyu. Wayar da ake haifar da lantarki a cikinta tana jikin gangar da ba ta motsi, kuma ita ce amacha. A kik ɗin mota da injin huda kuwa, amacha ce ke juyawa. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa ko waya ce ta motsa ko mayen ƙarfe, wuta za ta samu. Masu ƙera manyan injuna sai suka zaɓi a bar wayar a tsaye, don ɗiban wuta mai yawa daga wayar da ke zaune ya fi sauƙi da a bi da ita ta buroshi. Wato aikin da abu ke yi ne ya ba shi sunan, ba juyawarsa ba. A ranar kuma na gane dalilin da maigida ke hana mu dukan ƙarfen amacha da guduma: siraran faya-faye ne aka jera aka raba tsakaninsu, in suka manne wuta za ta riƙa kewayawa cikin ƙarfen, ya ɗau zafi. Shi bai taɓa bayyana mana ba, amma hannunsa ya sani.

Daga nan na bi asalin kalmar. Turawa na rubuta ta armature, daga Latin, inda take nufin sulke da kayan yaƙi. A 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya rubuta cewa in aka sa wa dutsen mayen ƙarfe hular ƙarfe, yana ɗaga nauyin da ya fi na da. Kamar an sa masa sulke ke nan. Ta wannan hanya kalmar ta shigo sana'armu.

Wani abokin karatuna ɗan Maraɗi ya ƙara mini wata: a Faransanci, rodin da ake ɗaurewa cikin kankare ma sunansa ke nan. Haka masu sassaƙa ke kiran ƙashin waya ko ƙarfe da suke yaɓa yumɓu a kai. Mutum-mutumin 'Yanci na New York, da aka buɗe a 1886, fatarsa ta jan ƙarfe ba ta kai milimita 3 ba. Ƙarafan ciki da Gustave Eiffel ya tsara ne ke riƙe da shi.

Wannan ma'anar ta fi zama mini a rai, don na girma ina kallonta. A soron kakana, inda damina ta zaftare yaɓe daga bakan gizo, wato bakan ginin da ke riƙe da rufi, ana hango azarar giginya a jere, an ɗaɗɗaure ta da igiya, kowace ta ɗan zarce 'yar'uwarta har suka haɗu a sama. Da irin wannan azara Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaga bakunan Masallacin Juma'a na Zariya.

Yanzu ina da nawa shagon. In mai janareto ya ce amacharsa ta ƙone, ba na gyara masa magana, na san abin da yake nufi. Amma yaran da ke koyo a hannuna, kafin su taɓa almakashi sai sun ɗora mita a kan mai juyawa da mai tsayuwa duka, su nuna mini wacce ke haifar da wutar, sannan su kawo takardar ƙirga in duba.