Yadda na ɗora wa tsohuwar kwamfutata Windows daga tushe, sau biyu a kwana uku

Kwamfutar da nake aiki da ita a shago Dell OptiPlex 7010 ce, irin ta tebur ɗin nan da ofisoshi suka yi yayi, samfurin 2012, furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, i5-3470. Ta hannu na saye ta, ta zo da Windows 7 Professional da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, giga 4 da faifan ajiya mai juyawa na giga 500. Da ita nake buga takardu, katin ɗaurin aure, katin suna, rasit, wani lokacin furojet ɗin ɗalibai. Da aka ce za a daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020 sai na ɗaga ta zuwa Windows 10 a kan tsohon, wato ban goge komai ba, kawai sabon ya hau kan na da, duk tarkacen shekara da shekaru ya biyo shi. Ta ci gaba da aiki amma fa da nauyi, in ka kunna ta da safe sai ka share shago ka yayyafa ruwa ka dawo kafin ta gama farkawa.

Toh da na samu ɗan sarari sai nace bari in ƙara mata ƙarfi. Na sayo ram DDR3 mai giga 4 guda huɗu na cike ramukan huɗu, ya zama giga 16, na kuma sayo SSD, wato faifan ajiya marar juyawa mai sauri, mai giga 256. Ram na fara sakawa, na kunna ina murna, na shiga wajen bayanin kwamfuta sai naga ta rubuta 16 ɗin amma a gefe tace uku da ɗoriya ne kawai take iya amfani da shi. Wallahi raina ya ɓaci sosai, na ɗauka jabu aka sayar min. Na cire na mayar, na sauya musu ramuka, na goge bakinsu, duk ɗaya. Sai da na kira wani dattijo mai gyara da muke layi ɗaya, ya leƙa allon ko minti ɗaya bai yi ba yace, ai ɗana ram ɗinka lafiyarsa ƙalau, Windows ɗinka ce mai 32, wato samfurin 32-bit, ba mai 64 ba. Nace Baba to ai Windows 10 ce. Yace ko ta nawa ce, in mai 32 ce ba ta iya ganin abin da ya wuce giga 4, kuma cikin huɗun ma sai kayan cikin injin sun yanki nasu. Ashe Windows 7 ɗin da ta zo da ita mai 32 ce, shi kuma ɗagawa a kan tsoho ba ya canza wannan, 32 ta haifi 32. Babu wata hanyar komawa 64 sai a ɗora sabuwa fil daga tushe.

Wani abokina ya ce in kwafe tsohon faifan kacokan zuwa SSD ɗin, akwai manhajojin da ke yin haka, komai zai dawo yadda yake ba sai na sake saka firinta da sauransu ba. Shawarar tana da daɗin ji, amma da na yi tunani sai naga ai matsalar tawa zan kwasa in kai sabon gida, 32 ɗin dai za ta biyo ni, da ragowar manhajojin da na cire tun tuni suka bar saiwa. Sai na ƙudurta kawai in yi mai gaba ɗaya.

Abu ɗaya da na yi daidai tun farko, kuma shi ya cece ni daga baya, shi ne na zare wayoyin tsohon faifan gaba ɗaya kafin in fara, na bar SSD kaɗai a ciki. Dattijon nan ne ya ja min kunne, yace in faifai biyu suna jone Windows tana iya ajiye fayilolin tashi a kan tsohon ita kuma ta zauna a sabon, ranar da ka cire tsohon sai kwamfuta ta ƙi tashi ka rasa dalili. Ga kuma haɗarin ka goge wanda ba shi ka yi niyya ba, don a allon ɗorawa ba sunan da ka sani za ka gani ba, lamba ce kawai da girma. Tunda na buɗe ta kuma sai na kaɗe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo.

Na samu filash mai giga 8, shi ne mafi ƙarancin da ake buƙata kuma duk abin da ke kansa zai tafi. Na sauko da Media Creation Tool, manhajar da ke saka Windows a filash, daga shafin Microsoft tun kafin in zare tsohon faifan, na jira dare saboda data ta fi sauƙi, na bar shi yana saukewa na kwanta. A nan na yi kuskuren da ya ci min kwana guda da giga da yawa. Akwai wani ɗan akwati a shafin zaɓen harshe da aka riga aka saka masa alama, ma'anarsa a yi amfani da tsarin da ya dace da wannan kwamfutar, ni kuma na danna gaba ban karanta ba. Tunda a kan Windows mai 32 nake, ita ya zaɓar min. Washegari na ɗora, komai ya tafi sumul, cikin ƙanƙanin lokaci ta gama, na shiga in ga giga 16 ɗina sai ga uku da ɗoriyar nan tana nan daram. Na daɗe zaune ina kallon allon. Dole ka cire alamar akwatin nan da hannunka ka zaɓi 64, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Sake saukewa ma sai da ya zo da nasa. Sabuwar Windows ɗin ba ta gane ɗan filogin wayifai da nake amfani da shi ba, direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta gane shi, yana kan tsohon faifai, faifan CD ɗinsa kuwa ya daɗe da ɓata. Ga kwamfuta ba intanet, ga direban sai da intanet. Abin da ya fishshe ni waya ce, na jona ta da kebul na kunna raba intanet ta USB a cikin saitin Android, nan take kwamfutar ta ɗauka ba tare da ta nemi komai ba. Dan Allah duk wanda zai yi wannan aikin ya sauke direban intanet ɗinsa ya ajiye a wani filash daban tun kafin ya taɓa komai.

A karo na biyu na tsaya da kyau na shiga BIOS, wato saitin injin kansa da ake shiga kafin Windows ta tashi, a Dell F2 ake dannawa da zarar an kunna, F12 kuma shi ke kawo jerin inda za ta tashi. Abu biyu na canza. Na farko yanayin SATA, wato yadda injin ke magana da faifai, na same shi a kan ATA na mayar da shi AHCI wanda shi SSD ya fi so, kuma lokacin canza shi kenan, don in Windows ta riga ta zauna ka zo ka canza galibi shuɗin allo za ta ba ka ta ƙi shiga. Na biyu na mayar da tashi daga Legacy, tsohuwar hanya, zuwa UEFI, sabuwar hanya, tunda injin yana da shi duk da tsufansa. Na tashi daga filash, na zaɓi Custom, na zo wajen zaɓen faifai sai ta ƙi, ta rubuto cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifan ba saboda tsarinsa MBR ne, ita kuma a UEFI sai GPT. Gabana ya faɗi na ɗauka SSD ɗin ne ya samu matsala, ashe ɗorawar jiya da na yi a Legacy ce ta tsara shi a MBR. Maganin ba wuya, na goge fatishan ɗin, wato rabe-raben da ke kansa, ɗaya bayan ɗaya har ya koma fili guda babu rabo, na danna gaba, ita da kanta ta tsara shi a GPT ta yanka ƙananan fatishan da take buƙata. Wasu suna danna Shift da F10 su shiga diskpart su buga clean, duk hanya ɗaya ce. Kuma a nan ne na ƙara gode wa Allah da tsohon faifan ba ya jone, don ina gogewa hankalina kwance, na san ba abin da zan rasa.

Wajen lambar lasisi na danna cewa ba ni da ita, na zaɓi Windows 10 Pro, don wanda ya taso daga 7 Professional Pro yake samu. Tana shiga intanet ta kunna lasisinta da kanta, saboda tun ɗagawar farko an riga an ɗaure lasisin da madabod, wato babban allon cikin injin, kuma lasisi ɗaya ne ko 32 ko 64. Abin kiyayewa kawai kar ka zaɓi Home alhali Pro gare ka, ba za ta kunnu ba. Na shiga bayanin kwamfuta da addu'a a bakina, 16 cif, kusan duka a hannu. Alhamdulillahi. Tashinta yanzu kafin in gyara zama a kujera ta kawo.

Na ɗauka an gama. Da yamma aka ɗauke wuta, UPS ɗina batirinsa ya daɗe da mutuwa, da aka dawo da ita na kunna sai kwamfuta tace ba ta ga inda za ta tashi ba. Na shiga BIOS naga kwanan wata ya koma shekarun baya, saitin da na yi duk ya warware. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod, CR2032, shi ne ya ƙare, shi ke riƙe agogo da saiti in babu wuta. Sai a lokacin na tuna ai an daɗe agogonta yana rikicewa ina gyarawa da hannu, har burauza takan ƙi buɗe shafuka sai na daidaita kwanan wata, ban taɓa kawo komai a raina ba saboda tsohuwar Windows ɗin tana tashi a haka. Na sayo sabo wajen masu agogo, na mayar da AHCI da UEFI, ta tashi lafiya. Injin da ya haura shekara 10, canza batirin nan ya kamata ya zama aikin farko kafin a taɓa BIOS.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa sai a kwana na uku ya fito. Na mayar da CorelDRAW da Office da firinta, na ƙara kibod ɗin Hausa da ke cikin saitin harshe don ƙ da ɗ da ɓ, na jona tsohon faifan a matsayin na biyu na kwaso foldar aiki. Wata Hajiya ta zo karɓar katin bikin 'yarta da muka gama tsarawa tun makon da ya wuce, saura bugawa kawai. Na buɗe fayil ɗin a gabanta sai naga rubutun duk ya canza kama, sunan amarya da aka yi da salo mai lanƙwasa ya koma rubutun takarda, bisimillar da ke sama ta wargaje. Tace Malam ai ba wannan muka zaɓa ba. Nace ki yi haƙuri Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar. Na yi tanadin hotuna da takardu da komai, amma ko sau ɗaya ban tuna da font ba, wato salon haruffa, waɗanda na tara tsawon shekaru, na Larabci da na ado, wasu ma ban san daga inda na samo su ba balle in sake nemowa. Ba a cikin fayil ɗin aiki suke zaune ba, suna cikin foldar Fonts da ke cikin foldar Windows, wadda ɗorawa daga tushe take sharewa. Da a kan tsohon faifan na ɗora na yi fomatin, shikenan sun tafi, da katunan mutane sama da abin da zan iya ƙirgawa sai an sake su daga farko. Na shiga tsohon faifan na kwafo foldar gaba ɗaya na saka su, na sake buɗe katin ya dawo yadda yake. Kafin la'asar na buga mata.

Faswod ɗin burauzar da nake amfani da ita su kuma ba sa kwafuwa ta haka, a kulle suke da asusun tsohuwar Windows ɗin, ko ka ɗauko foldar ba za su buɗu ba. Sai da na zare SSD, na mayar da BIOS kan Legacy da ATA, na tashi tsohuwar Windows ɗin na fitar da su daga cikin burauzar, sannan na sake mayar da komai. Aikin minti biyar ne da na yi shi tun farko. Yanzu in wani zai yi, abin da nake ce masa ya ɗauki biro da takarda ya zauna gaban tsohuwar tana kunne, ya bi manhajojinsa ɗaya ɗaya yana tambayar kansa ina wannan take ajiye kayanta, lasisinta yana ina, saitin firinta fa. Foldar takardu kowa yana tunawa da ita, abin da ke ɓoye a ƙarƙashi shi ake mantawa.

Akwai maganar da ba zan ɓoye ba, Windows 10 ɗin ma Microsoft ta daina ba ta sabuntawa na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai dai shirin ƙarin kariya na ESU da ta buɗe na ɗan lokaci. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɗan kayan tsaro a cikin injin, da furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, nawa na ƙarni na 3 ne. Na san akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, Rufus ma, wata manhajar saka Windows a filash, yana da wajen yin haka, amma ni dai ban natsu in ɗora abincina a kan abin da sabuntawa ɗaya za ta iya birkitawa ba. Ina tunanin gwada Linux Mint, wata babbar manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows, don shiga intanet, aikin kati kuma ya zauna a Windows tunda CorelDRAW ba ta da ta Linux. In zan gwada ma wani faifan zan saya. Tsohon nan na giga 500 na zare shi na naɗe a leda, na manna takarda na rubuta kwanan wata da ATA da Legacy a jiki don kar in manta saitin da yake tashi da shi, yana cikin durowar ƙasa tare da filash ɗin 64.