Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Siririyar Taya a Yashin Hanyar Baure

A makon jiya na yi alkawarin kawo labarin aurena na fari, amma na kwana ina juya zancen keken nan a raina, saboda haka masu karatu su yi mini haƙuri, aure ya jira.

A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke can cikin daji a gefen hanyar Baure. Na tara albashi na tafi Katsina, na sayi keke a hannun wani mai kayan gwanjo wanda ba zan kama sunansa ba tunda ƙasa ta rufe masa ido. Keken tsere ne na kan kwalta, irin wanda ake gasar zagaya Faransa da shi, gasar da aka fara tun 1903. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, babu kariya, kuma da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Na hau shi tun daga Katsina, na biyo ta Mashi, tafiyar kusan kilomita 80, na shigo Daura ina jin babu kamata a garin.

Kawu, wanda ya tsufa yana faci a bakin kasuwa, ya latsa tayar da yatsa ta ƙi lotsawa, sai ya ce: "Malam ƙarami, ƙasa ake fara tambaya kafin a tambayi kuɗin keke." Na ce, "Kawu, wannan na zamani ne." A zuciyata kuwa na ɗauka tsoho ne da bai san komai ba sai Raleigh da Phoenix.

Ranar Litinin, ina sauka daga kwalta na shiga yashin wata busasshiyar ƙorama, tayar gaba ta nutse kamar wuƙa a cikin tuwo, kan ya murɗe, sai ga ni a ƙasa, rajista da alli sun watse, ɗalibaina uku suna kallo daga bayan jaki. A wannan mako sau uku tsidau ya huda mini taya. Labarin ya riga ni zuwa gida, kuma tun daga ranar babu suna ko ɗaurin auren da Yaya bai tayar da shi ba, yana cewa boko ya hana ni iya keke. Shi da ko jaki sai an riƙe masa.

Sai da autana ya kawo keken hawan dutse gidan nan na gane ba ƙafata ce ta gaza ba. Tayarsa ta kai faɗin inci 2, tana da haƙora masu cizon ƙasa, kuma iskar da ake ba ta a ma'aunin masu faci ba ta cika wuce 30 ba, alhali irin tawa ana dura mata kusan 100 don ta yi tauri ta yi gudu a kan kwalta. Faffaɗar taya mai taushi tana shimfiɗuwa a kan yashi kamar tafin raƙumi, siririya mai tauri kuwa yanka shi take yi. Kansa miƙaƙƙe ne mai faɗi, mahayi yana zaune a ɗage yana iya mallakar tayar gaba, ba a duƙe yana gudun iska ba. Ga shokozoba a gaba tana shanye gargada, ga giya mai sauƙi wadda ake hawan tudu da ita ba tare da an sauka an tura ba. A kan kwalta dai nauyi gare shi, tayar tana gurnani, kuma nawa na da zai bar shi a baya ko ba a yi gumi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, matasa a Kalifoniya ta Amurka sun fara ƙera keken hawan dutse tun shekarun 1970, kamfanin Specialized ya fito da nasa mai suna Stumpjumper a 1981, shekara shida kafin faɗuwata, har tseren irin wannan keke ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, inda 'yan ƙwallonmu suka ci zinare. Kawu bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba, da yatsa kawai ya gano. Ya rasu ban koma na ce masa ya yi gaskiya ba, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na ga yaro yana taya keke a kasuwa sai maganar tambayar ƙasa ta faɗo mini.

Bara da rani na sa aka kai ni ƙoramar nan da keken auta, na ratsa ta da furfurata ban sa ƙafa a ƙasa ba. Na aika wa Yaya hoton a waya, sai ya aiko cewa ai yashin ne ya ragu. Yashin yana nan yadda na bar shi, duk mai shakka ya je ya gani.