Kula da majinyaci a bayan motar asibiti cikin cunkoson Legas

Duk wanda zai ɗauko majinyacin da jikinsa ya yi tsanani daga Agege zuwa LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko kuma wanda zai bi ta gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya sani jiniya ba ta buɗe hanyar da ta riga ta cushe. Don haka lissafin farko na oksijin ne. Tukunya mai lita 680, in ana ba da lita 15 a minti ɗaya, cikin minti 45 ta ƙare. A ƙiyasta tsawon tafiyar, a ninka biyu, a ɗauki tukunyar ko-ta-kwana.

Kafin a tayar da mota a sa allurar ƙarin ruwa biyu, a ɗaure su da filasta sosai, a auna sukari. Neman jijiya a motar da ke faɗawa ramuka azaba ce.

A hanya, kowane minti 5 a duba bugun zuciya, awon jini, numfashi, oksijin da hayyaci, a rubuta da lokacinsa. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, jerin ne abin kallo. Bugu ya tashi daga 90 zuwa 110 zuwa 125, lambar sama ta awon hawan jini tana gangarowa wajen 90? A yi zargin jini na zuba a ciki, a kira asibitin da za a je tun daga nan. Matasa da yara sun fi yaudara, awon jininsu yakan tsaya daidai har sai abu ya yi nisa.

Na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ma tana shirga ƙarya in hannu ya yi sanyi, ko mota na jijjiga, ko akwai jan farce. In ta nuna 85, a dubi leɓe da ƙirji tukuna, a sauya yatsa. Abin sauraren ƙirji kuwa ƙarar inji ta kashe amfaninsa. A taɓa wuyan hannu a ji bugun jini, in ta kama direba ya faka gefe.

Mai bututun numfashi, wajen ciccibarsa daga gado zuwa gado bututun ke zamewa. A duba lambar jikin bututun da ke daidai haƙori bayan kowace ɗagawa.

Sai kuma ɗan rakiya ya ce, "Alhamdulillahi, ya samu barci." Kada a yarda. A matsa kusa da kunnensa: "Baba, kana ji na?" In shiru, a matse tsokar kafaɗa, a haska ƙwayar ido, a sake auna sukari nan take.