Inda na tsaya da tawagar Wakanda ta, da lissafin mutum goma

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Ga inda aiki ya kai a Marvel: Crisis Protocol, wasan nan na 'yan mutum-mutumin roba da Atomic Mass Games suka fitar a 2019. Black Panther da Killmonger na gama haɗa su na sa musu fentin ƙasa, Shuri da Okoye kuma an manne amma har yanzu launin toka ne kamar yadda suka fito daga kwali, mashin Okoye ne ya fi cin lokaci don siriri ne sosai, in ka matsa da ƙarfi wajen yanke shi daga jikin firam zai lanƙwashe. Gam na roba nake sawa, Tamiya Extra Thin, ba sufa gulu ba, shi yana narkar da bakin robar ne su haɗe, ba ya barin farin tabon nan.

Maganar fenti a Legas kuwa sai haƙuri. Damshin garin nan ba ya shiri da fentin fesawa, in ka fesa da safe bayan ruwa ya sauka sai ka ga jikin ya yi ƙurji-ƙurji, don haka ni burushi nake bi da shi, siriri, shafa biyu. Mu na Agege mun ce in iskar hunturu ta ɗan leƙo a Disamba ko Janairu za mu haɗu mu fesa na kowa rana ɗaya.

To ainihin abin da ya sa na zauna rubutu shi ne zaɓen mutane, don nan ne na ga sababbi da yawa suna kashe kuɗi a banza. Ba tawaga ɗaya kake zuwa da ita teburi ba. Mutum 10 kake kawowa, da katunan dabara 10, kowane mutum da nasa nauyi, wato lambar da ke nuna darajarsa, sai an zaɓi katunan rikicin da za a buga, wato katunan da ke faɗin abin da za a yi takara a kai a fili, sannan a san adadin nauyin wasan, yawanci wajen 17 ne amma yana iya sauka ko ya hau, daga nan ne kake tsamo waɗanda za su shiga fili daga cikin goman, jimlar nauyinsu kar ta wuce adadin. Katunan dabara kuma 5 kawai za ka ɗauka. Kenan goman nan ba jerin jaruman da ka fi so ba ne, lissafi ne, dole su iya ba ka 15 cif, 16 cif, 17 cif, 18 cif, ba tare da ka bar nauyi ɗaya ko biyu a ƙasa ba.

Ga nawa. Panther 4 ne, Killmonger 4, Shuri 3, Okoye 2. Su huɗun 13 kenan, in wasan 17 ne na ƙara Captain Marvel mai 4 shikenan an cika. In 15 ne na ajiye Killmonger, Panther da Shuri da Okoye 9, na sa Baron Zemo da Doctor Octopus masu 3-3 daga babban kwalin farko. Amma a lura da wata doka, kafin ka ci moriyar shugabancin Panther, wato baiwar da yake ba tawagarsa a matsayin jagora, sai fiye da rabin mutanenka da ke fili sun zama 'yan Wakanda, ƙasarsa, uku cikin biyar ya yi, uku cikin shida bai yi ba don rabi ne daidai. Wannan ita ke kama mutane. Shugabancin nasa kuwa ya cancanci a kiyaye shi, ɗan tawagarka ya biya ƙarfi ɗaya daga wanda yake tarawa a wasan ya sake jefa dayis ɗaya, kuma dayis ɗin wasan nan mai fuska 8 ba shi da amana ko kaɗan.

Wani abokinmu da ke zuwa daga Idi-Araba kullum maganarsa Hulk, wai Malam sa Hulk kawai ka fasa kowa. Na sa shi a goman, ban ƙi ba, Panther, Shuri, Okoye, Hulk mai 6 da Black Widow mai 2 suna ba da 17. Sai dai wasan ba da duka ake cinsa ba, wanda ya fara kai maki 16 ne, ko wanda ke gaba in an gama zagaye na 6, kuma yawancin makin daga tsayawa kan wurare da ɗauko kaya a fili yake zuwa. Hulk wuri ɗaya zai tsaya komai girmansa. Da nauyinsa 6 zan sa mutum biyu su tare wuri biyu. Shi ya sa a wurina masu 2 da 3 sun fi ƙato daraja, Okoye tana tare harin da aka kai wa na kusa da ita, Shuri kuma daga nesa take ture mutum daga kan wurin da yake tsaro, wallahi turewar nan sau da yawa ta fi kisa amfani, an ture shi makin ya dawo naka ba tare da ka zubar masa da jini ba.

Yanzu ina da tara in an haɗa da Hulk ɗin, gurbi ɗaya ya rage. Storm nake so, 3 ce kuma ana lissafa ta cikin 'yan Wakanda, da ita zan iya sa mutum shida a wasan 18 ko 19 ina da huɗu 'yan gida. Matsalar kawai kawowa, da dala ake saye ga kuɗin jirgi, sai dai in jira wani mai dawowa daga Ingila ya saƙo min a jaka. Kafin nan marfin kwalba muke ɗorawa a madadinta mu gwada, teburin kuma katako ne ƙafa 3 da ƙafa 3 da kafinta ya yanka mana, gine-ginen kwalin indomi. Wanda ke da Storm a Legas ya taɓa buga ta tare da Panther ya faɗa min ko tana biyan kuɗinta kafin in tura saƙo. Asabar in Allah ya kaimu zan fara zinaren wuyan Okoye, in akwai wuta.